Kawu Mai Aski, Wanda Ya Raba Mu da Sigari

Ranar Laraba, goma sha tara ga watan Yuni, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, Allah Ya karɓi ran Kawu mai aski a ɗakin masu ciwon ƙirji na babban asibiti. Shekararsa sittin da takwas. Wanda Ya ba da rai Ya karɓi abinSa, kuma dukanmu hanyar nan za mu bi, sai dai wani ya riga wani.

Ina gaban inji a maɗaba'ar da nake aiki lokacin da autarsa ta kira ni. Ƙara ba ta bar ni na ji ta ba, sai da na kashe injin. Ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Na wanke hannuna da kananzir kamar yadda nake yi kullum in an tashi aiki, na sa takalmi, na fita.

Kawu, ba mu haɗa jini da kai ba. Duk unguwa Kawu ake kiranka, har waɗanda suka girme ka. Amma abin da ka yi mini, kawun jini ma ba kowanne zai yi ba, shi ya sa na ga ba zan iya yin shiru ba.

Shekara goma ke nan da na fara shiga shagonka, ina ɗan ashirin da huɗu. Ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai tireda da mai gyaran waya. Kujera ɗaya mai juyawa, fatarta ta tsage an liƙe da salatif. Madubi mai tsaga a kusurwa, dogon benci, kulan ruwan sanyi, da wani gwangwanin madara cike da kanumfari a kan kanta, kusa da reza da hoda. Babu hoton ruɓaɓɓen huhu a bango, babu rubutun gargaɗi. Wanda bai sani ba zai ɗauka shagon aski ne kawai. Ranar farko ka dubi yatsuna da suka yi baƙi da tawadar inji, ka ce, "Zauna, Tawada." Sunan da ya bi ni ke nan har yau, har matata ma in wasa ya kama ta da shi take kirana.

Tun ina shekara goma sha bakwai nake shan sigari. Ka sani tun ranar farko, domin babu wanda ya kai mai aski kusa da numfashin mutum. Amma ka yi kusan shekara guda kana yi mini aski ba ka ce uffan ba. Sai wata rana tari ya sarƙe ni kana tsakiyar gyara mini gemu, har sai da ka ɗaga reza ka jira. Da na lafa ka miƙo mini ruwa.

Ka ce, "Tawada, kara nawa a rana?"

Na ce, "Bai wuce biyar ba, Kawu."

Ka ce, "To ka fi ni tsoron Allah. Ni a zamanina in na ce biyar, a rubuta ashirin."

Benci ya ɗauki dariya, ni ma na yi. A ranar na san cewa kai ma ka sha, shekara talatin da takwas, kuma ba ka daɗe da bari ba. Da ka gama kana kaɗe mini wuya, ka rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ka ce ran da na gaji in zo in gaya maka. Ba ran da mahaifiyata ta gaji ba, ba ran da yarinyar da nake nema ta gaji ba. Ni.

Na ɗauki wata uku kafin na gaji. Da na zo, ba ka yi mini wa'azi ba, tambayoyi ka yi. Wane kara ne ya fi mini wuyar bari, na safe ko na bayan cin abinci? Da wa nake sha? A ina nake tsayawa? Ka sa na zaɓi rana da bakina, ka ce in gaya wa mutum uku da nake jin kunyarsu. Ka ce in wanke duk rigunana, in zubar da ashana, in canja hanyar da nake bi zuwa aiki. Sannan ka ce kwana bakwai na farko naka ne: duk sa'ar da abin ya taso, in zo shago.

Na zo. Ranar farko sau huɗu na zo. Kaina na sara, ina jin kamar in shaƙe duk wanda ya yi mini sannu. Kai kuwa sai ka miƙo mini kofin ruwan sanyi da kanumfari biyu, ka danƙa mini buroshi ka ce in goge maka haƙoran injin aski ɗaya bayan ɗaya, domin hannun da ya saba riƙe kara ba ya son zama banza. Kullum maganarka ɗaya ce: ƙishin taba ba ya kai tsawon aski guda. In na daure har ka gama da kan da ke gabanka, zai wuce. Ya kuwa wuce. Ya dawo, ya sake wucewa. A rana ta uku na zage ka a gaban mutane saboda ka ce in ƙara haƙuri. Ba ka ko ɗago kai ba, ka ce da mutumin da ke kan kujera, "Rabu da shi, ba shi ba ne, tabar ce ke ban kwana."

Ba ni kaɗai ba ne. A wancan lokacin mun kai mu takwas a kan bencinka: masu gyaran mota, ɗaliban jami'a biyu, wani ma'aikacin banki da yake ajiye motarsa nesa don kada a gan shi. Har 'yan mata akwai, waɗanda ba su iya zama a shagon maza, sai ka tura su wurin autarka, malamar makaranta, su zauna da ita a falo bayan ta taso aiki. Wanda ka ga abin ya yi masa katutu, ba ka yi masa ƙaryar cewa kanumfari zai isa. Kana rufe shago ka raka shi asibiti da ƙafarka, a ba shi abin nan mai kama da filasta da ake mannawa a dantse, ko cingam ɗin da likitoci ke bayarwa. Ka sha zuwa gidajen mutane ka zauna da iyaye, kana roƙonsu su daina gori da tonon silili, domin yaron da aka kunyata wurin tabar zai koma ya huce.

Amma ba zan mayar da kai waliyyi ba, kai ma ba za ka so ba. Akwai Dogo.

Dogo direban babbar mota ne, abokina tun ina yaro, mai yawan dariya. Sau shida yana bari a hannunka, sau shida yana komawa, domin in ya hau hanya kwana goma babu benci, babu kai. A karo na shida ya shigo shago yana wari, yana kuma rantsuwa cewa bai sha ba. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Ka ajiye almakashi, ka ce, "Fita. Kada ka sake shigo mini nan da warin nan da ƙarya tare." Dogo ya yi murmushin yaƙe, ya ɗauki hularsa, ya fita. Bai sake dawowa ba.

Ni a lokacin na yi shekara ɗaya da wata biyu ban sha ba. Na yi aure, an haifa mini 'ya. Ina jin kaina na haye. Sai wata rana aiki ya lalace a hannuna, takardu dubu uku suka fito da launi a karkace, mai gida ya wanke ni tas a gaban yaran da nake koya wa aiki. Na fita bayan maɗaba'a, wani ya miƙo kwalin sigari, na zari ɗaya. Shi ke nan. Babu wani babban dalili da zan kawo. Kafin mako ya zagayo na koma inda nake da, har na zarce.

Wata bakwai ina gudunka. Na tuna yadda ka kori Dogo, na ce ba zan jira a kore ni ba. Na koma aski a wani shago can bayan kasuwa. In na hango ka a ƙofa sai in tsallaka titi in yi kamar ina waya. A gida ina sha a banɗaki da kan matakalar bene, in wanke baki, in shiga ɗaki in ɗauki jaririya da rigar da na sha da ita. Na ɗauka na iya ɓoyo.

A wata na biyar aka kawo gawar Dogo. Zuciyarsa ce ta tsaya, yana zaune a gefen motarsa da rana tsaka, a wani garejin hanya. Shekararsa talatin da uku. A maƙabarta na hango ka tsaye can gefe, ka rame, ba ka magana da kowa. Aka ce kwana biyu ba ka buɗe shago ba. Ni kuwa na sulale ta wata ƙofa, na je na kunna kara a bayan katanga. Mutuwar abokina ma ba ta hana ni ba. Wanda bai taɓa sha ba ba zai gane wannan ba, kuma ina roƙon Allah kada Ya sa ya gane.

Sai ciwon 'yata. Tana da wata takwas, da safe muka ga ƙirjinta na lotsawa in ta ja numfashi, leɓunanta sun canja launi. A asibiti aka sa mata robar iska a hanci. Likita, wata mace mai gilashi, tana rubutu ba ta dube mu ba, ta ce, "Akwai mai shan taba a gidan?" Na buɗe baki zan ce babu. Matata ta riga ni. Ta ce, "Akwai." Ba ta kalle ni ba. Ashe tun ranar farko ta sani.

Ina zaune a barandar asibitin da hantsi, kaina a cikin tafin hannuna, sai na ga takalmanka a gabana. Har yau ban san wanda ya gaya maka ba. Ka zauna kusa da ni kana haki, domin hawa benen ya wahalar da kai. Ka tambayi jikin yarinya. Na tabbata ka ji warin da ke jikina. Na jira faɗa, na jira a ce mini fita. Sai ka kama haɓata, ka juya kaina hagu da dama kamar yadda kake yi a shago.

Ka ce, "Wanda ya yi maka askin nan, Allah Ya isa tsakaninka da shi. Ka zo gobe in gyara."

Kuka ya ƙwace mini a wurin, ina ƙato, a gaban masu jinya.

Washegari na zo da sassafe, babu kowa a benci. Ka ɗaura mini ƙyalle, ka fara aski, sannan ka ba ni labarin da ka ce ba ka taɓa ba kowa ba. Ina rubuta shi yau da izinin 'ya'yanka.

Ka ce shekara ashirin da shida kuka yi da matarka, marigayiya Inna, a ɗaki da falo. Duk tsawon shekarun nan a ɗakin kake sha, a bakin gado, in ana sanyi taga a rufe. Ba ta taɓa yi maka magana ba, sai dai ta yawaita wankin labule. Sai ta fara tari. Aka sha magani wata da watanni, ba sauƙi. Ranar da aka ɗauki hoton ƙirjinta, likita ya ɗaga shi a fitila, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Mama, shekara nawa kika yi kina shan taba?" Ta ce ita ko riƙe ta ba ta taɓa yi ba. Likita ya juyo ya dube ka, ya dubi aljihun rigarka inda kwali ya turo.

Ka ce a hanyar komawa gida ba ta yi maka maganar ba. Sai da kuka iso ƙofa ta tsaya ta huta, ta ce, "Kada ka gaya wa yara abin da likita ya tambaya." Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kai. Wata takwas ta yi tana jinya. Ka ce likitoci ba su taɓa ce maka kai ne sanadi ba, sun ce ciwon na iya kama wanda bai taɓa zama kusa da hayaƙi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kana riƙe da reza a gefen kunnena ka ce, "Ka san abin da ya fi ci mini rai, Tawada? Tana kwance a sama tana neman numfashi, ni ina sauka bayan katangar asibiti ina sha. Ranar da muka binne ta ma na sha. Sai da na ƙara shekara guda, na faɗi sau biyar, sannan na bari. To ni wa zan kora? Na kori Dogo a kan faɗuwa shida. Da ɗaya kawai ya fi ni."

Ka gama gefe ɗaya. Sannan ka ce, "'Yarka tana da rai. Zaɓi rana."

Na ce yau. Shekara bakwai ke nan ban sake sha ba. 'Yar tana aji biyu, tana gudu da sauran yara, sai dai har yanzu akwai abin shaƙa a jakarta saboda asma, kuma duk ran da na gan shi na san rabona a ciki.

Daga Dogo ba ka sake korar kowa ba. Akwai wanda ya faɗi sau goma sha ɗaya, kowane karo ka ce masa, "Sannu da dawowa, zauna." Ba mu taɓa ƙidaya mutanen da suka bari a hannunka ba, kai ma ka hana, ka ce mai ƙidaya nasara sai ya ƙidaya kaburbura. Na dai san a wurin jana'izarka na ga fuskokin da na sani daga benci fiye da arba'in, wasu da 'ya'yansu a hannu.

Ba zan manta da maƙwabcinka mai tireda ba. Shekara da shekaru kuna bango ɗaya, kai kana raba matasa da sigari, shi yana sayar musu kara-kara. Ka roƙe shi ya daina, ya ce da ita yake ciyar da gida, in bai sayar ba na gaba zai sayar. Ba ka yi gaba da shi ba. Kullum kuna gaisawa, kuna shan shayi tare, kana kiransa abokin hamayya. Abin da ka samu a wurinsa ɗaya ne: duk wanda ka nuna masa ka ce wannan yana cikin kwanakinsa na barin taba, ba zai sayar masa ba ko zai yi birgima a ƙasa. Ya kuwa riƙe alkawarin. Ni kaina ya taɓa korata, ya ce, "Je ka wurin Kawunka, ni ba na son masifa." Shi ne ya fara kama makararka, kuma shi ya fi kowa kuka.

Jikinka ya daɗe yana gaya mana. Shekaru uku da suka wuce ka fara zama tsakanin aski da aski. Daga baya ka koma yin askin a zaune kan doguwar kujera. Bara aka kawo maka tukunyar iska gida. Likita ya ce huhun ya riga ya lalace tun da daɗewa, abin da aka ƙona ba ya dawowa. Duk da haka kana sa a kawo ka shago da rana, robar iska a hanci, ka zauna a ƙarshen benci. Ba ka iya doguwar magana, sai ka nuna wa mutum kulan ruwa da yatsa, ka riƙe masa hannu har abin ya wuce.

Masu baki ba su rasa abin faɗa ba. Na ji da kunnena wani yana cewa ga shi nan, ya bari, ya hana mutane, amma tabar ba ta bar shi ba, to ina amfanin? Raina ya ɓaci, na kai maka maganar a gadon asibiti, abin da bai kamata in yi ba. Ka cire abin iskar daga bakinka, kana tsayawa bayan kowace kalma biyu.

Ka ce, "Gaya masa, shekara goma sha huɗu na samu. Na aurar da Auta. Na ɗauki jikoki. Da ban bari ba, da yanzu ciyawa ta rufe kabarina."

Kwana goma sha takwas ka yi a gadon nan, kusa da taga, a ɗaki mai gado takwas da kowa ke tari. Na ga yadda mutum ke neman iska a ɗakin da iska ta cika. Na ga ƙasusuwan wuyanka suna tashi suna sauka, na ga yadda cokali uku na abinci ke gajiyar da kai kamar ka yi dako. Ba zan ƙawata shi ba, mutuwa ce mai wuya. Kai da kanka ka ce in kawo 'yan benci su gani, biyu-biyu. Wasu sun shigo sun kasa kai minti biyar.

Kwana uku kafin rasuwarka, Auta ta tsayar da ni a baranda. Ta ce akwai abin da ke damunta. Ta ce ranar da kuka dawo daga asibiti da Inna, tana tsakar gida tana shanya, ta ji abin da Inna ta faɗa a ƙofa. Tana da shekara goma sha bakwai, kuma ta gane. Shekara goma sha biyar tana ɗauke da shi, tana dafa maka abinci, tana wanke maka kaya, kana ɗauka ba ta sani ba. Ta ce akwai shekarun da ba ta iya haɗa ido da kai. Ta tambaye ni ko ta gaya maka, ko ta bar ka ka tafi a haka.

Na ce ni ba ni da wannan hukunci. Ta shiga, na tsaya a ƙofa. Ta durƙusa a gefen gado, ta kama hannunka.

Ta ce, "Baba, na san abin da likita ya tambayi Mama. Tun ranar na sani."

Ka rufe ido. Na ga ƙirjinka ya ƙara sauri, har na yi niyyar kiran nas.

Ta ce, "Mama ba ta tafi da kai a zuciya ba, ita ta gaya mini da bakinta. Ni ce na riƙe. Na daɗe da saki, ban dai iya faɗa ba. Ka yafe mini jinkirin."

Hawaye ya gangaro ta gefen robar, ya shiga kunnenka. Ka ɗaga hannu da ƙyar ka ɗora a kanta, ka bar shi a nan har barci ya ɗauke ka. Daga ranar ba ka sake magana mai tsawo ba, sai salati.

Kawu, ka bar mu da aiki a tsakiya. Akwai wani mai walda, ɗan shekara ashirin da shida, wanda ya zaɓi ranarsa kana kwance, ka sa aka kawo shi ka riƙe masa hannu. Ranar da ka rasu yana kwana na tara. Washegarin jana'iza na same shi tsaye a ƙofar shago, ƙofa a garƙame, yana tauna ɗan yatsa. Na zauna da shi a kan dakali har abin ya wuce. 'Ya'yanka sun ba mu makulli, mu shida 'yan benci mun raba ranakun mako a tsakaninmu. Babu wanda ya iya aski a cikinmu, kuma babu mai haƙurinka. Ban sani ba ko mai waldar zai riƙe, ban sani ba ko mu za mu riƙe. Jiya dai ya cika kwana ashirin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka maza biyu, da suka taso daga nesa ba su same ka da rai ba. Allah Ya ba ku haƙuri, kada ku zargi kanku, ya san kuna hanya kuma ya sa muku albarka. Ga Auta, ƙanwata, wadda ta yi jinyar uwa tana yarinya, ta yi jinyar uba tana uwa: Allah Ya saka miki da 'ya'yan da za su yi miki fiye da haka. Ga jikokinsa biyar, ga ƙanwarsa da ta rage ita kaɗai a ɗakinsu, ga maƙwabtansa, da duk wanda ya taɓa zama a bencin nan yana rawar hannu, Allah Ya ba mu juriyar rashinsa. Ina kuma tuna mahaifiyar Dogo, wadda ta zo gaisuwa da sandarta, ta ce ba ta taɓa riƙe Kawu da komai ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo Maka. Ya yi kuskure mai nauyi, bai ɓoye shi ba, bai kuma nemi uzuri ba, ya ƙarar da sauran kwanansa yana tare 'ya'yan mutane daga ramin da ya faɗa. Ka yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba. Ka sa wahalar da ya sha a gadon nan ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci. Ka jiƙan Inna, Ka jiƙan Dogo, Ka haɗa su a gidan rahama inda babu ciwo babu nadama. Mu da muka rage, Ka ƙarfafa wanda ya bari, Ka ɗaga wanda ya faɗi, Ka sa kada mu gaji da buɗe masa ƙofa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ka huta.